Yadda Muke Tara Kalmomin Turanci da Ƙamusun Intanet a Ajin Yamma

Kusan duk ɗalibin da ya zo ajinmu na yamma a nan Jos, daga Unguwar Rogo yake ko Gangare ko Rikkos, da wayarsa a hannu yake zuwa, kuma ya iya buga kalmar Turanci a Google ya ga ma'anarta. Amma in ka tambaye shi kalmomin da ya duba makon jiya, da ƙyar zai kawo uku. Matsalar tana wajen yadda ake dubawar: a ga ma'ana, a ce "au, ashe haka ne", a rufe shafi. Alhali ma'ana ita ce mafi ƙanƙanta cikin abubuwan da ƙamus mai kyau yake bayarwa. Ga hanyar da nake bi da masu shirin WAEC da NECO da JAMB, da manya 'yan kasuwa da ma'aikata masu son gyara Turancinsu, tun daga zaɓen ƙamus har kalma ta zauna.

Ranar farko ba ma taɓa kalma ko ɗaya sai mun gyara wayar kowa. Ƙamusun Turanci iri biyu ne. Akwai wanda aka yi wa waɗanda Turanci ne harshen uwarsu, akwai wanda aka yi wa mai koyo. Bayanin nan da Google yake ɗorawa a saman shafi in ka nemi ma'ana daga Oxford Languages yake fitowa, kuma irin na farko ne. Shi ya sa sau da yawa za ka nemi kalma ɗaya, bayanin ya zo maka da wasu biyu da suka fi ta wuya. Ƙamusun mai koyo an gina shi ne don kada hakan ta faru. A. S. Hornby, wanda ya koyar da Turanci a Japan, yana cikin waɗanda suka share wannan fage, kuma Oxford ta buga ƙamusunsa a 1948. Longman ya fito a 1978 da dabarar rubuta duk bayanansa da kalmomi masu sauƙi kimanin 2,000. Collins COBUILD ya biyo a 1987, shi kuma da cikakkiyar jimla yake bayani, kamar mutum na yi maka magana.

Uku nake sa kowa ya ajiye: Oxford Learner's Dictionaries, da Longman wanda ake samu da sunan LDOCE, da Cambridge Dictionary. Duka kyauta ne a burauza. Ka buɗe kowanne a Chrome, ka danna ɗigo ukun nan na sama, ka zaɓi a ɗora shi a fuskar waya, don ya zama dannawa ɗaya ce tsakaninka da shi. In ba ka yi haka ba, hannunka zai ci gaba da komawa Google. Wasu tsofaffin jerin shawarwari har yanzu suna ambaton ƙamusun Macmillan, to an rufe shafinsa tun 2023, kada ka ɓata lokacin nemansa. Cikin ukun, ka riƙi ɗaya a matsayin na kullum har ka saba da alamominsa. Ni Oxford nake ba masu shirin jarrabawa, sannan mu leƙa Longman idan muna son ƙarin misalai, don jimlolinsa sun fi kusa da maganar yau da gobe.

Tambayar da ba ta taɓa wucewa ba a yi ta ba ita ce, "Malam, to fassarar Hausa fa?" Tana da gurbinta. Google Translate ya shigar da Hausa tun 2013, kuma yana taimakawa wajen gane inda doguwar magana ta dosa. Amma in ka ba shi kalma ɗaya tilo, zai zaɓo maka ma'ana ɗaya cikin biyar ko goma, ba tare da ya san jimlar da ka tsinto ta ba. Ƙamusun Bargery na 1934 yana intanet, taska ce babba ga mai neman zurfin Hausa, sai dai galibinsa daga Hausa yake zuwa Turanci, kuma Turancinsa na wancan zamani ne. Tsarinmu shi ne: ka fahimci bayanin a Turanci mai sauƙi tukuna, sannan kai da kanka ka rubuta Hausarsa. In ka kasa faɗinsa da Hausa, ba ka gane ba ke nan, sai a sake karantawa.

Daga ina kalmomin za su fito? Daga karatu. Babu wanda nake bari ya fara haddace ƙamus daga A, kuma ban yarda da jerin "manyan kalmomi ɗari" da ake turawa a WhatsApp ba. Muna ɗaukar labari ɗaya daga Daily Trust, ko sashen karatu da fahimta na tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ko darasin BBC Learning English, ko littafin da mutum yake karantawa a makaranta. Kafin a fara sai a auna: ƙirga kalmomi ɗari na farko, ka ja layi ƙarƙashin waɗanda ba ka sani ba. In sun wuce biyar, rubutun ya fi ƙarfinka a yanzu, nemi mai sauƙi. Wannan awo yana da tushe. Paul Nation, masanin koyon kalmomi na ƙasar New Zealand, ya nuna a 2006 cewa mai karatu yana buƙatar sanin kimanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya karanta shi cikin natsuwa ba tare da taimako ba, wato baƙuwar kalma ɗaya cikin hamsin (mu da muke karatu da taimakon ƙamus mun sassauta zuwa biyar cikin ɗari), kuma hakan na buƙatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000, wato kowace kalma haɗe da waɗanda suka tsiro daga gare ta, ga rubutu irin na jarida da littattafan labari. Adadin yana da yawa, amma kalmomi 2,000 da suka fi yawo su ne kusan kashi 80 cikin 100 na yawancin rubutu. Don haka su ne abin fara kamawa.

Yayin karatu ba a tsayawa. Ka ja layi da fensir, ka ƙarasa sakin layin, ka yi hasashen ma'ana daga abin da ke gaba da baya, ka rubuta hasashen a gefe. Sai bayan nan a buɗe ƙamus. Wanda ya yi hasashe kafin ya duba ya fi riƙe kalmar, ko da hasashen bai yi daidai ba, domin ya riga ya sa wa kansa tambaya yana jiran amsa.

Ba kowace kalma da aka duba ce za a ajiye ba, kuma a nan ne ƙamusun intanet ya fi na takarda sauƙin aiki. A Oxford za ka ga hoton ɗan makulli kusa da kalma tare da alama irin A1, A2, B1 ko B2. Makullin yana nufin tana cikin jerin Oxford 3000, wato kalmomin da suka fi muhimmanci ga mai koyo. Akwai ƙarin 2,000 a kansu na matakin B2 da C1, su suka cika Oxford 5000. Matakan na ma'aunin harsuna ne na Turai, daga A1 na ɗan fari zuwa C2 na gwani. Cambridge ma yana sa su, har a kan kowace ma'ana daban. Longman kuwa S da W yake amfani da su: S1 na nufin kalmar tana cikin dubu ta farko a magana, W2 tana cikin dubu ta biyu a rubutu, haka har S3 da W3. Kalma mai irin wannan alama ita ake ajiyewa. Wadda ba ta da ko ɗaya, a gane ta don karatun ya wuce, a bar ta, sai fa in ta fannin mutum ce, kamar ɗalibin jinya da kalmomin asibiti.

Biyar zuwa bakwai a rana, ba ƙari. Masu zafin nama sukan ce za su iya talatin. Wannan tamkar ka je Farin Gada ka sayo kwandon tumatir ne alhali tukunya ɗaya za ka ɗora, rabinsa ruɓewa zai yi. Biyar a rana, kwana shida a mako, talatin ke nan. A mako hamsin ka tara 1,500, rabin jerin Oxford 3000.

Bari in bi kalma ɗaya daki-daki yadda muke yi a aji. A ce jimlar jarida ta ce "The police charged him with theft." Kowa a ajin ya san cajin waya, to amma 'yan sanda ba batir suka cika ba.

Da farko sai a gano aikin kalmar a cikin jimla. A nan aikatau ce, ta zo da wutsiyar shuɗaɗɗen lokaci, don haka tushenta "charge" za a nema. Ƙamusun intanet yakan kai ka tushe da kansa ko da ka buga "sought" ko "went", amma ka duba saman shafi ka tabbatar inda ya sauke ka. Kalmar nan tana da shafin suna da shafin aikatau, kuma ɗalibai da yawa suna ɓata minti biyar a shafin da ba shi ba.

Na biyu, kada ka tsaya a ma'ana ta ɗaya. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa. Ma'anonin suna da lambobi, kuma a kan kowacce akwai ɗan taƙaitaccen kanu, na kuɗi, na laifi, na lantarki, na kai hari. Ka zazzaga ƙasa kana karanta kanun kaɗai. Jimlarmu tana da 'yan sanda da sata, to kanun laifi za a tsaya. Ka karanta bayanin, ka mayar da shi cikin jimlar jaridar a madadin kalmar. In ya zauna daidai, ita ce. In ya yi banbaraƙwai, ci gaba da nema.

Na uku, kuma nan ne nake daɗewa: rubutun nan mai kauri da ke gaban misalai. A ƙarƙashin ma'anar laifi za ka ga "charge somebody with something". A ƙarƙashin ta kuɗi za ka ga "charge somebody for something". Ƙananan kalmomin nan, "with" da "for" da "of" da "on", su ne ke kayar da ɗalibai a tambayoyin cike gurbi, kuma babu wata doka da za ta faɗa maka wacce za ta bi wace aikatau. Ana cewa "accuse him of", ana cewa "blame him for", ana cewa "charge him with", duk kuwa da cewa ma'anonin 'yan uwan juna ne. Don haka ba ma rubuta kalma ita kaɗai. Da ƙirarta muke ɗaukar ta gaba ɗaya. A nan kuma ake ganin ko aikatau so-karɓau ce ko ƙi-karɓau. "Discuss" so-karɓau ce, abin da ake tattaunawa yana bin ta kai tsaye, shi ya sa "discuss about" kuskure ne, kuma Longman yakan sa irin wannan gargaɗi a ɗan akwatin nahawu. Haka "emphasize on" da "comprise of" da muke ji kullum.

In suna ce, ka duba ko ana ƙirga ta ko ba a ƙirgawa. Wasu ƙamusoshin harafin C da U suke sawa, wasu su rubuta cikakke. "Advice", "information", "equipment", "furniture" da "luggage" duk ba a ƙirga su, ba sa ɗaukar s na jam'i, ba sa ɗaukar "an" ko "a". Da Hausa muna cewa shawarwari da bayanai, shi ya sa hannu yake kai wa ga "advices" da "informations". Ƙamus zai nuna maka mafita a misalai: "a piece of advice".

Na huɗu, abokan tafiyar kalma. Kowace kalma tana da waɗanda ta saba fita da su. Bature yana cewa "heavy rain", ba ya cewa "strong rain". Yana cewa "make a mistake", "do homework", "take medicine". Mai Hausa yana da tarko na musamman a nan, saboda aikatau ɗinmu guda tana ɗaukar kaya da yawa. Muna shan ruwa, mu sha magani, mu sha taba, mu sha wahala, Turanci kuwa kowanne da tasa aikatau. Muna jin magana, mu ji wari, mu ji sanyi, mu ji Turanci, daga nan "I am hearing smell" take fitowa. Muna ara, mu ara wa wani, sai ka ji "borrow me your biro" a inda ake son "lend". Oxford da Longman suna da akwatin abokan tafiya a ƙarƙashin kalmomi da yawa. Ka ɗauki biyu ko uku waɗanda ka san za ka buƙata, ka bar sauran. A shafin suna na "charge" mukan ɗauki "in charge of" da "free of charge", don su ake ci karo da su kullum.

Na biyar, ka lura da 'yan alamomin da ke faɗin inda ake amfani da kalma: ta rubutun hukuma ce, ta hira ce, tsohuwa ce, ta Ingila ce ko ta Amurka, ko kuwa ta cin mutunci ce. Makarantunmu rubutun Ingila suke bi, "colour" da "centre". Duk wanda ka zaɓa ka tsaya a kansa cikin takarda ɗaya.

Sai furuci, wanda shi ne babbar falalar ƙamusun intanet. Kusa da kalma akwai hoton lasifika guda biyu, na Ingila da na Amurka. Ka sa abin saurare a kunne, ka ji sau uku ba ka ce komai ba, ka faɗa sau uku, sannan ka naɗi muryarka a waya ka saurara ka gwada da ta ƙamus. Naɗin muryar shi mutane suke gudu saboda kunya, kuma shi ne yake gyara. Mutum ba ya jin kuskurensa lokacin da yake magana.

Wuraren da harshenmu yake tuntuɓe sanannu ne. Hausa ba ta raba p da f, sai "pan" da "fan" su zama ɗaya. Ba mu da v, sai "vote" ta koma "boat". Sautukan th guda biyu mukan mayar da su s da z, "think" ta zama "sink", "breathe" ta zama "breeze". Kuma ba mu saba jera baƙaƙe ba wasali a tsakani ba, abin da ya mayar da "bread" burodi, shi ne yake sa mu cusa wasali a "school" da "strong". Amma muna da wata riba da ya kamata a yi amfani da ita: kunnen Bahaushe ya saba raba dogon wasali da gajere, ya san garin da ake zama da garin da ake tuwo. Wannan kunne zai kama bambancin "ship" da "sheep", da na "full" da "fool", da zarar an nuna masa.

Alamomin furuci da ke tsakanin sanduna biyu kada su ba ka tsoro. Ɗigo biyu bayan wasali na nufin a ja shi. Ɗan tsayayyen layi a sama yana zuwa ne kafin gaɓar da ake dannawa, ba bayanta ba, kuma ɗalibai da yawa suna karanta shi a juye. Da shi za ka ga "record" ta suna a gaɓar farko ake danna ta, ta aikatau a ta biyu. Alamar ə, mai kama da e a kife, raunannen wasali ne da ke farkon "about" da ƙarshen "teacher", kuma shi ya fi kowane wasali yawa a Turanci. Alamomin ne kuma za su nuna maka harufan da ba a furtawa, b a "debt" da "plumber", p a "receipt", w a "sword". Takardar WAEC ta gwajin furuci a rubuce ake yin ta, da waɗannan alamomi, don haka mai koyon alama biyu a mako yana cin riba biyu. Wanda yake son jin kalma a bakin mutane daban-daban cikin magana, YouGlish yana tsinto ta daga bidiyoyin YouTube, sai dai yana cin data, a bar shi ga kalmomi masu taurin kai.

Duk wannan aiki a kan kalma ɗaya minti huɗu ne zuwa biyar in an saba. Kalma biyar, ƙasa da rabin awa.

Yanzu ajiya. Takardar A4 ɗaya ana yanka ta gida takwas, kati takwas ke nan. A gaban kati a rubuta jimla da gurbi, misali "The police ____ him with theft", da Hausar kalmar a ƙasa. A baya a rubuta kalmar, ƙirarta, furucinta, da abokan tafiya biyu. Ma'ana ɗaya a kati ɗaya. In kana son "charge" ta kuɗi, yi mata nata katin wata rana. Cusa ma'ana biyar a kati guda yana sa a kasa riƙe ko ɗaya. Da hannu ake rubutawa. Hoton fuskar waya da ake ɗauka ya tafi ke nan, zai nutse cikin hotunan biki ba a sake ganinsa ba.

Katin yana da fuska biyu ne don ya tilasta maka tunowa. Karanta jerin kalmomi da ma'anarsu a gefe yana sa mutum ya ji kamar ya sani, don idonsa ya saba da su, amma ranar jarrabawa babu gefen da zai leƙa. Ka dubi gurbi, ka faɗi amsa da baki, sannan ka juya. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko, sannan ta lafa. Don haka bita tana farawa kusa-kusa, tazarar tana ƙaruwa: daren ranar, washegari, bayan kwana uku, bayan mako, bayan mako biyu, bayan wata. Muna amfani da ambulan uku, tsarin da ya samo asali daga Sebastian Leitner na Jamus a 1972. Ta farko kullum ake duba ta, ta biyu sau biyu a mako, ta uku ranar Asabar. Katin da ka ci ya matsa gaba, wanda ka faɗi ya dawo ta farko ko daga ina yake. Masu wayar Android suna iya sa AnkiDroid, kyauta ce, tana aiki ba data, kuma ita take lissafa ranar bita. A iPhone sai an saya. Cambridge ma yana barin ka buɗe asusu kyauta ka tara jerin kalmominka ya yi maka gwaji. Abin da na hana shi ne sauke tarin katunan da wani ya haɗa, dubu biyu ko uku a lokaci guda. Ba kai ka tsinto su a karatu ba, ba su da jimlar da za ta riƙe su a kanka, kuma cikin mako biyu bitar za ta taru ta fi ƙarfinka ka watsar.

Kalma ba ta zama taka sai ka yi aiki da ita. Kowace rana ɗalibi yana rubuta jimla ɗaya tasa da kowace sabuwar kalma, a kan abin da ya sani: kuɗin keke daga Terminus zuwa Bauchi Road, sanyin Disamba, shagon babansa. Hanyar da ba ta kuskure ita ce a ɗauki misalin ƙamus a sauya mutane da wurin, a bar ƙirar yadda take. Ranar Juma'a kowa yana haɗa kalmomi goma na makon cikin ɗan gajeren labari, ya karanta wa abokin zamansa. Masu tambayar Meta AI ko ChatGPT su duba musu jimla ban hana ba, amma duk gyaran da suka ba ka, koma ƙamus ka ga ƙirar da idonka, domin sukan faɗi kuskure da cikakken ƙarfin gwiwa.

Akwai wasu wurare da aikin yake lalacewa ko da an bi duk wannan. Ɗaya shi ne neman kalmomi masu kama da juna don ƙawata rubutu. Ɗalibi ya gaji da "big", ya buɗe jerin makamanta, ya ɗauko wadda ta fi tsawo ya dasa. Kalmomi biyu da wuya su yi daidai ta kowace fuska. "Childish" zargi ce, "childlike" yabo ce. "Famous" da "notorious" duk shahara ce, amma ta biyun da mugun abu. Duk kalmar da ka samo a irin wannan jeri, sai ka buɗe shafinta ka karanta misalanta kafin ta shiga takardarka.

Wani kuma aikatau mai jela, irin "put off", "put up with", "call off". Kowace kalma a ciki ka san ta, haɗuwarsu kuma ta ba da abin da ba ka zata ba. In jimla ta ƙi ba da ma'ana alhali babu baƙuwar kalma a cikinta, to irin wannan ce ko karin magana. Ka buga su tare a gurbin nema. A takarda sai ka yi ta laluben ƙarƙashin wace kalma aka sa su, a intanet kuwa kai tsaye ne. Haka nan idan ka kama kalma, leƙa danginta: "decide", "decision", "decisive". Ka ɗauki ɗaya ko biyu da ka ga suna da alamar mataki, kuma ka saurari kowacce, don wurin dannawa yakan sauya, kamar "photograph" da "photographer".

Sai batun Turancinmu na Nijeriya. A Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford, wato OED, ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 daga Nijeriya, cikinsu har da "okada", "danfo", "next tomorrow", "Kannywood", da "severally" da ma'anar sau da yawa. Abin alfahari ne, kuma babu laifi a yi magana da su a kasuwa ko ofis. Amma an shigar da su ne da alamar cewa na Nijeriya ne. A ƙamusun mai koyo "severally" tana nufin ɗai-ɗai, kowa daban, kuma ta harshen shari'a ce. Wanda zai rubuta jarrabawa ko IELTS, gwajin Turanci na masu fita waje, ya san masu karatunsa, ya rubuta "several times".

Matsalar wuta da data ma sai an yi mata tanadi. Rubutun ƙamus da sautin kalma ɗaya ba sa cin data sosai, tallace-tallacen da ke shafin ne suke ci, musamman masu bidiyo. Ka tara kalmominka biyar a takarda, ka buɗe data sau ɗaya ka duba su a jere, ka rufe. Wannan yana kuma kare ka daga saƙonnin da ke shigowa su ja ka wani wuri. Chrome yana iya sauke shafi don karantawa ba intanet, amma sautin ba ya biyowa, don haka ka saurara tun kana kan layi. Manhajar WordWeb tana aiki ba data, tana fitar da mutum kunya in sabis ya ɗauke, ko da yake bayananta ba na mai koyo ba ne. Katunan takarda kuwa ba ruwansu da caji, suna shiga aljihu, ana bitarsu a cikin keke ko a shago kafin mai saye ya zo.

Ƙarshen kowane wata muna awo. A shafin jerin kalmomi na Oxford ana iya tace su bisa mataki. Ka zaɓi matakinka, a ce B1, ka ɗauki kalma hamsin ta hanyar tsallake-tsallake, kowace ta goma misali, don kada ka zaɓi waɗanda ka sani. Kalma tana cikin lissafi ne kawai in ka iya sa ta a jimla da ƙirarta daidai, ganin ido bai isa ba. Wanda ya kawo arba'in da biyar ya matsa mataki na gaba, ya kuma ƙara nauyin abin da yake karantawa. Wanda ya tsaya a talatin ya ci gaba a inda yake, waɗanda ya faɗi su shiga ambulan ta farko. Masu shirin shiga Jami'ar Jos ko wata babbar makaranta, da zarar sun kama B2, mukan ƙara musu jerin kalmomin karatun jami'a da Averil Coxhead ta fitar a 2000, mai dangin kalmomi 570 irin su "analyse", "assume" da "significant". Daga cikin biyar ɗin kowace rana, biyu su fito daga wannan jeri, uku daga karatunsu.